Babban hutu: Yadda ɗakunan karatu ke jawo 'yan makaranta, da abin da ya rage wa iyayen zango

A watan Yuni ne makarantun firamare ke rufewa a yawancin ƙasashen yankinmu masu aiki da Faransanci. A Kamaru da Benin da Togo yara na komawa aji a watan Satumba, a Nijar da Chadi da Burkina Faso kuwa sai Oktoba. Ke nan yaro na iya yin wata biyu da rabi zuwa wata uku bai ga allon aji ba. A gidaje da dama, ranar da aka karɓo takardar sakamako ake rataye jaka, ba a sake waiwayarta sai an ji shelar komawa.

Wannan giɓi ne ɗakunan karatu na jama'a, waɗanda aka fi sani da bibliyotek, ke ƙoƙarin cikewa da shirye-shiryen karatun hutu. Shirin yana da amfani ne kawai idan yara sun je, yara kuma ba sa zuwa sai an kira su ta hanyar da su da iyayensu za su ji.

Me hutu ke yi wa karatun yaro?

Karatu kamar hawan keke ne ga wanda ya ƙware: ko ya daɗe bai hau ba, ba ya mantawa. Amma ɗan aji biyu ko aji uku bai kai nan ba. Har yanzu yana haɗa baƙi da wasali, yana tsayawa a kan kowace kalma. Idan ya bari na tsawon watanni, saurinsa na raguwa. Wanda ke karatu da ƙyar kuma, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta, sai ma'ana ta kuɓuce masa.

A Amurka aka fi bin diddigin wannan al'amari. A 1978 wata mai bincike, Barbara Heyns, ta wallafa nazarin da ta yi kan 'yan makaranta a birnin Atlanta. Ta gano cewa yawan littattafan da yaro ya karanta a hutu, da yawan zuwansa ɗakin karatu, suna tafiya tare da ƙaruwar kalmomin da ya sani, kuma yaran da gidansu ke kusa da ɗakin karatu sun fi zuwa. A 1996 Harris Cooper da abokan aikinsa suka tattara bincike 39, suka ƙiyasta cewa yaro na asarar abin da ya kai karatun wata guda a hutun. Ta fuskar karatu, 'ya'yan masu hali ba sa raguwa, wasu ma ƙaruwa suke, 'ya'yan talakawa ne ke komawa baya. Masana na ci gaba da muhawara kan girman asarar, amma babu mai jayayya cewa yaron da ke karatu a hutu ya fi wanda ya bari.

A yankinmu matsalar ta fi tsanani, domin yara da yawa tun kafin hutu ma karatunsu bai tsaya da ƙafarsa ba. Gwajin PASEC na 2019, wanda aka yi a ƙasashe 14 na Afirka masu aiki da Faransanci, ya nuna fiye da rabin yaran da ke ajin ƙarshe na firamare ba su kai matakin da ake buƙata a karatu ba. A Kamaru kaɗan suka haura rabi waɗanda suka kai matakin. A Nijar kusan uku ne cikin goma, a Chadi kuma ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Wanda ruwa ya riga ya kai masa wuya, tafi guda ma na iya nutsar da shi.

Me ya sa abin ya fi shafar 'ya'yan zango?

Yaron da ya tashi a unguwar Briqueterie ta Yaounde, ko New-Bell ta Douala, ko zangon Cotonou, ko wata unguwar Hausawa a N'Djamena, sau da yawa da harshe uku yake rayuwa. Hausa a gida, harshen gari a titi da kasuwa, ko Fulatanci ne ko Larabcin Chadi ko Fon, sai Faransanci a aji. Wannan baiwa ce babba, sai dai tana zuwa da wani rauni: harshen da ake yi masa jarrabawa da shi, shi ne wanda ya fi ƙarancin ji a gida. Ana rufe makaranta, Faransancin littafi ya yi ɓatan dabo.

Sannan hutun ba hutu ba ne ga kowa. Ya faɗo a tsakiyar damina, lokacin noma ga na karkara. A birni kuwa yaro na tsare shago ko rakiyar mahaifinsa kasuwa, yarinya na talla ko raino. Wasu ana tura su ganin dangi a Maraɗi ko Kano ko Garoua. Makarantar allo da Islamiyya su ma sukan ƙara lokaci idan boko ya rufe. Duk waɗannan abubuwa ne masu muhimmanci ga iyali, kuma shirin karatun da ya yi kamar bai san da su ba, kujeru zai tara babu yara.

Masu hali suna biyan kuɗin darussan hutu. Ga wanda ba shi da wannan hali, ɗakin karatu na jama'a shi ne ƙofar da ta rage.

Ina ɗakunan karatun suke?

Waɗanda suka fi yaɗuwa a ƙananan garuruwa su ne cibiyoyin karatu da raya al'adu da ake kira CLAC, wato Centres de lecture et d'animation culturelle. Hukumar ƙasashe masu amfani da Faransanci, wadda a yau ake kira OIF, ta fara shirin a 1986 a ƙasar Benin. Yanzu akwai fiye da 300 a ƙasashe kusan 20, ciki har da Nijar da Chadi da Togo da Burkina Faso. An tsara su ne don garuruwa masu mutum dubu 5 zuwa dubu 20. Ofishin magajin gari ke ba da gini da masu kula, gwamnati na sa ido, hukumar kuma ta kawo littattafai da kayan wasa da na kallo, ta horar da ma'aikata. Kowace cibiya kan fara da littattafai kusan 2,500, kuma yara da matasa ne mafi yawan masu zuwa.

A watan Maris na 2025 Nijar da Burkina Faso da Mali sun sanar da ficewarsu daga OIF. Hakan ya ƙara dawo da nauyin sabunta littattafai da raya waɗannan cibiyoyi a kan gwamnatoci da magadan gari da mutanen gari kansu. Ɗakin karatun da ke cike da yara ya fi samun mai kare shi a ranar rabon kasafi fiye da wanda ƙura ta rufe.

Bayan CLAC akwai ɗakunan karatu na ƙananan hukumomi, da na cibiyoyin al'adu, da na majami'u da ƙungiyoyi. A Gana, wata 'yar Kanada mai suna Kathy Knowles ta fara karanta wa yara shida labari a gindin bishiya a Accra a 1990. Daga nan aka samu asusun Osu Children's Library Fund, wanda ya gina ɗakunan karatu da dama, har da na Nima, unguwar da Hausa ce harshen cuɗanya a cikinta.

Akwai abin da ya kamata duk mazaunin zango ya sani. Sanarwar UNESCO kan ɗakunan karatu na jama'a, wadda aka fara fitarwa a 1949 kuma aka sabunta a 2022, ta tanadi cewa wurin na kowa ne, ba tare da duba shekaru ko addini ko harshe ko ƙasar asali ba, kuma bisa ƙa'ida kyauta ya kamata ya kasance. Ɗan baƙo da ɗan gari haƙƙinsu ɗaya a bakin wannan ƙofa.

Me ake nufi da shirin karatun hutu?

Ba aji ba ne, ba a ba da maki, ba a bulala. Manufarsa yaro ya ci gaba da buɗe littafi don yana so. Yana zuwa ta siffofi daban-daban.

A Birtaniya, tun 1999 ake gudanar da gasar da ake kira Summer Reading Challenge. Yaro ɗan shekara 4 zuwa 11 na yin rajista a ɗakin karatun unguwarsu, ya ɗauki alkawarin karanta littattafai, galibi shida, waɗanda ya zaɓa da kansa. Yana karantawa ana ba shi ƙananan kyaututtuka, idan ya kammala a ba shi lambar yabo da takardar shaida. Dubban ɗaruruwan yara ke shiga kowace shekara. A Faransa kuma, tun 2015 cibiyar littattafai ta ƙasa ke shirya bikin da yanzu ake kira Partir en livre, inda ake fitar da littattafai daga gini a kai su filayen wasa da lambuna da bakin teku, wato inda yara suke.

Kusa da mu, ƙungiyar FAVL, wadda ke tallafa wa ɗakunan karatu na ƙauyuka a Burkina Faso da arewacin Gana tun 2001, ta shahara da sansanonin karatu na 'yan kwanaki a lokacin hutu. A Burkina an fi gayyatar 'yan aji CM1, waɗanda shekara guda ta rage musu su zauna jarrabawar ƙarshen firamare. Ana haɗa karatu da wasa da zane da ba da labari.

Wani bincike da Richard Allington da Anne McGill-Franzen suka jagoranta a jihar Florida, aka wallafa a 2010, ya nuna inda sirrin yake. An bar 'ya'yan talakawa su zaɓi littattafai 12 su tafi da su gida a ƙarshen shekarar karatu, aka maimaita haka shekara uku. Babu malami, babu aikin gida. Da aka gwada su, sun fi takwarorinsu da ba a ba littattafan ba, kuma waɗanda suka fi talauci su suka fi ƙaruwa. Darasi biyu ke nan: littafi ya shiga hannun yaro, kuma shi ya zaɓa.

Yaya ake kiran yara su zo?

Babban kuskuren da ake yi shi ne jira sai an rufe makaranta kafin a liƙa takarda a ƙofar ɗakin karatu. Wanda zai ga takardar nan shi ne wanda dama yake zuwa. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, kuma zafin yana cikin makonni uku ko huɗu na ƙarshe, lokacin da yara ke wuri guda kuma jarrabawa ta lafa.

Mataki na farko shi ne mai kula da ɗakin karatu ya nemi izinin daraktan makaranta ya shiga aji-aji. Ba jawabi zai yi ba. Zai zo da littattafai biyar ko shida masu hotuna, ya karanta ɗaya da murya mai daɗi, ya tsaya daidai inda labari ya ɗauki zafi, ya ce wanda ke son jin ƙarshe ya zo ranar kaza. Minti goma sun isa. Wannan dabarar mai tatsuniya ce, kuma tana aiki a kan yaro fiye da duk wata nasiha kan amfanin ilimi.

Mataki na biyu, a kai ajin gaba ɗaya ziyara kafin hutu. Yara da yawa na wucewa ta gaban ginin kullum suna zaton ofishin gwamnati ne ko wurin manya. Wanda ya taɓa shiga, ya zauna, ya taɓa littafi ba a daka masa tsawa ba, ya san hanya. A ranar nan ya kamata a yi rajista a miƙa masa katinsa da sunansa a kai. Kati a aljihu ya fi alkawari ƙarfi.

Mataki na uku shi ne iyaye, domin ba yaro ne ke yanke inda zai wuni ba. Takardar Faransanci da aka saka a jakar yaro ba ta isar da saƙo a gidan da ba a karanta Faransanci. A zango magana na bi ta inda aka saba jin ta: bakin sarkin Hausawa ko sarkin zango, sanarwar liman bayan sallar Juma'a, malaman Islamiyya, ƙungiyar iyayen yara da ta iyaye mata, shirin Hausa na gidan rediyon gari, da saƙon murya a WhatsApp. Saƙon ya zama gajere, ya amsa tambayoyi huɗu da kowace uwa za ta yi: ina ne, ƙarfe nawa, nawa ne, kuma wa zai kula da yaran.

Mataki na huɗu, a bar yara su kira yara. Ɗan CM2 da aka ba aikin rakiyar ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta ya fi kowace takarda jawo mutane. Ɗaliban sakandare da ke zaman hutu kuma za su iya zama masu karanta wa ƙanana labari. Su ma suna ƙaruwa, domin karatu da ƙarfi a gaban jama'a na gyara harshe.

A ƙarshe, a sa wa shirin ranar rufewa da kowa ya sani tun farko. Ƙaramin biki kafin komawa makaranta, inda za a kira sunan kowane yaro a gaban iyayensa da magajin gari a ba shi takardar shaida, ba ya cin kuɗi mai yawa. Abin kiyayewa shi ne kada kyauta ta tsaya ga wanda ya fi kowa yawan littattafai. In aka yi haka, gwanaye ne za su kwashe, masu rauni kuma, waɗanda don su aka yi shirin, su janye tun makon farko. Duk wanda ya cika alkawarin da ya ɗauka, ko littafi uku ne, a yaba masa.

Abubuwan da ke mayar da yaro daga bakin ƙofa

Na farko tsoron tara. Uba da yawa na hana ɗansa aro don kada littafi ya yage ko ruwan sama ya jiƙa shi a ce ya biya. Ɗakin karatun da ke son 'ya'yan talakawa sai ya fito ya faɗi ƙa'idarsa a fili, ya sassauta ta a lokacin hutu, ya kuma koya wa yara saka littafi a leda. Littafin yara da ya tsufa a hannu ya yi aikinsa. Wanda ya shekara sabo fil a kanta shi ne asara.

Na biyu takardu. Inda ake neman takardar haihuwa ko hoto ko kuɗin rajista, 'ya'yan baƙi da na marasa hali ne ke fara faɗuwa. Jerin sunaye daga daraktan makaranta, ko shaidar mai unguwa, na iya tsayawa a madadinsu.

Na uku lokaci. Idan aka sa zama a daidai lokacin allo ko Islamiyya, iyaye sun riga sun zaɓa. Gara a zauna da malaman a daidaita. A wurare da yawa makarantun allo na hutawa Alhamis da Juma'a, to ga ranaku nan a buɗe. Haka kuma a kauce wa ranar kasuwa, a tashi yara kafin magariba.

Na huɗu 'yan mata. Su ne aikin gida ya fi riƙewa, su ne kuma iyaye suka fi ɗar-ɗar da fitarsu. Samun mace cikin masu kula da yara, da barin yarinya ta zo da ƙaninta da take raino, da tafiya rukuni-rukuni daga unguwa, duk suna sauƙaƙa wa uwa cewa to.

Na biyar nisa. Idan zango ya yi nisa da ginin, sai littafi ya tafi zango. Akwatin ƙarfe mai littattafai 50, da tabarma biyu, da inuwar zauren mai unguwa sau ɗaya a mako, ɗakin karatu ne.

Da wane harshe za a karanta?

Yawancin littattafan da ke waɗannan wurare na Faransanci ne, kuma yaro na buƙatarsu tunda da shi ake jarrabawa. Abin da ya fi shiga ransa shi ne labarin da ya ga irin unguwarsu a ciki. Labaran zane irin su Akissi na Marguerite Abouet 'yar Kodibuwa, da littattafan yara na kamfanin Ruisseaux d'Afrique na Cotonou da Akoma Mba na Yaounde, an yi su ne da yaron Afirka a zuciya.

Amma karatu da Hausa ba ya rage wa Faransanci komai. Dabarar haɗa harafi da sauti da bin ma'anar labari, idan yaro ya kama ta a harshen da yake ji, yana ɗauke da ita zuwa harshe na biyu. A kan wannan tunani ne Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973. A 2025 kuma ƙasar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Kamfanin Gashingo na Yamai na buga littattafai a harsunan gida, sannan littattafan Abubakar Imam, Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, waɗanda suka fito tun shekarun 1930, har yau ana samunsu a kasuwannin Kano da Zariya. Ɗan kasuwar da ke safara tsakanin Kano da Ngaoundere ko Cotonou zai iya saƙa kwafi biyar cikin kayansa ya ba ɗakin karatun garinsu. Ga masu wayar zamani, shafukan African Storybook da StoryWeaver na da labaran yara na Hausa da Faransanci kyauta, ana iya sauke su a karanta ba tare da intanet ba.

Abin da ya rage wa iyaye

Ba sai uba ko uwa sun iya boko za su taimaka ba. Kafin a rufe makaranta, a tambayi malamin yaro ko ofishin magajin gari inda ɗakin karatu mafi kusa yake da ranakun buɗewarsa. A raka yaro ranar farko, a ga wurin, a san mai kula da shi. A ware masa lokaci kaɗan kullum, bayan la'asar ko bayan cin tuwon dare. Minti 20 a rana cikin kwana 90 sun tashi awa 30 na karatu.

Bayan ya karanta, a ce ya ba da labarin da Hausa. Yaron da ya karanta da Faransanci ya iya mayarwa da Hausa, ya fahimta ke nan, uwar da ba ta taɓa shiga aji ba kuma ta yi masa jarrabawar da ta fi ta takarda. Kada a raina littafin da ya zaɓa don hotunansa sun yi yawa ko don ya yi sauƙi. Da mai sauƙi ake samun sauri, da sauri ake isa ga mai wuya.

Idan kuwa garin ba shi da ɗakin karatu, ko yana da shi a kulle, wannan magana ce da ƙungiyar iyayen yara da shugabannin zango za su kai gaban magajin gari, kuma watan Mayu ne lokacinta, tun ana da sauran makonni kafin yara su watse.